Inna ta Jahun, Wadda Ta Koya Mini Neman Zaɓin Allah

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Inna ta rasu wata Talata da hantsi a ɗakinta na gidansu da ke unguwar Jahun, cikin garin Bauchi, ina zaune a gefen gadonta. Surukata ce, mahaifiyar mijina na fari. Na faɗi haka tun da wuri domin a wurin zaman makoki mutane da yawa sun yi mini gaisuwa a matsayin 'yar cikinta, ni kuwa ban gyara wa kowa ba.

Kafin azahar gidan ya cika. Matan Zungur, ƙauyen da aka haife ta, sun zo a bayan akori-kura, wasu da ƙasar gona a ƙafafunsu, don daga gona labarin ya same su. Wata tsohuwa a cikinsu ta tsaya a ƙofar ɗakin tana kallon buzun sallar Inna a rataye, ta kasa shiga, ta kasa komawa. Matan barikin Shadawanka ma sun zo, waɗanda muka zauna tare shekarun baya, wasu ban gane su ba sai da suka yi magana. Akwai wata hajiya daga GRA da ta bar motarta can bakin titi ta tako lungu da ƙafa, ta zauna a tabarma cikin mutane tana hawaye, ba ta gaya wa kowa abin da ya haɗa ta da Inna ba.

Wadda kukanta ya fi taɓa ni ita ce Mama Nas, maƙwabciyar Inna, Kirista daga Bogoro da ta yi aikin asibiti har ta yi ritaya. Katanga ɗaya ta raba gidajensu. Ta riƙe hannuna tana cewa da Hausarta irin ta nan, “Inna ya tafi ya bar ni. Shekara da shekaru bai taɓa ce mini komai a kan addinina ba. Amma in na ce zan yi wani abu babba, sai ya ce, Mama, kin roƙi Allah tukuna? Je ki roƙa, ki dawo mu yi magana.”

Kowa da abin da ya tuna. Ni ma ga nawa, kafin ya dushe.

Inna 'yar ƙaramar mace ce, mai saurin tafiya, mai jinkirin magana. Ba ta cin goro. Kunun gyaɗa take sha kowace safiya, kuma ba ta taɓa yarda wani ya dama mata ba. Da damina sai ta ɗaure kayanta ta tafi Zungur ta duba gonar da mahaifinta ya bar mata, ta dawo baƙa wuluk, da buhun gyaɗa da ɗanyar masara, ta bi gida-gida tana rabawa. Babban ɗanta, wanda muke kira Yaya Babba, ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunyar ɗan fari. “Wancan mutumin” take ce masa, ko da yana zaune a gabanta. Mijina kuwa shi ne autanta, tana kiransa Soja. Ni kuma 'yar Funtuwa take ce mini, da sunan garinmu, tun ranar da aka kawo ni har ranar da ta cika.

Ba ta yi karatu mai zurfi ba. Bayan rasuwar mijinta ta shiga Islamiyyar matan aure, can ta haddace addu'ar istihara da kunne. Malamar da ta koya mata ta taɓa ba ni labari tana dariya, wai Inna ta hana aji ci gaba sai an fassara mata kalma-kalma. Ta ce ita ba za ta tsaya gaban Ubangijinta tana faɗin abin da ba ta san ma'anarsa ba.

Idan magana ta yi nauyi, abin da take cewa ke nan: “Bari in kai wa Mai shi.” Sai ta yi alwala, ta shimfiɗa buzu, ta yi nafila raka'a biyu. Yawanci da walaha take yi, bayan ta share tsakar gida. Matar Yaya Babba ta taɓa tsokanarta, ta ce, “Inna, yau kuka za a kaɗa ko kuɓewa? Ko sai an kai wa Mai shi?” Inna ta ce, “A kan wannan ai ya riga ya ba ni hanci da harshe. Kaɗa kuka.” Wata rana kuma wata mata ta zo ta ce tana so ta yi istihara ko ta shirya da 'yar'uwarta da suka daɗe suna gaba. Inna ta dube ta sama da ƙasa. “Abin da aka riga aka umarce ki da shi, za ki koma ki tambaya? Tashi ki ɗauki mayafinki, in raka ki.” Ta kuwa raka ta.

Na haɗu da ɗanta a Zariya ina shekarar farko a kwalejin horon malamai, shi kuma an turo shi kwas na soja. Da aka yi aure na ajiye karatun na biyo shi Bauchi, aka ba mu ɗaki a Shadawanka. Can na haifi yara biyu, namiji da mace. Inna takan zo mana ranar Asabar a keke napep da kwanon masa a ɗaure cikin ɗankwali. Sojojin bakin ƙofa sun san ta, har sukan ce, “Inna, namu fa?” Ita kuwa ba ta taɓa zuwa ba tare da nasu ba.

Sai aka tura su arewa maso gabas. Ya tafi, ya dawo hutu sau biyu, ya koma. Wata ranar Alhamis da la'asar ina wanke wa yarinya kai, na ga magajiyar bariki, shugabar matan sojoji, ta shigo da wasu mata, bayansu ga hafsoshi biyu sun cire huluna. Ba sai an gaya mini ba. Can bakin daga aka yi masa sutura, ba mu ga gawarsa ba.

A gidan Jahun na yi takaba, ɗakin da ke kallon na Inna. Ba ta yi kuka a gabana ba. Takan shigo da safe da kofin kunu, ta zauna har in shanye, ta fita. Idan yaran suka dame ni sai ta kwashe su ta tafi da su wurin Mama Nas.

Da na fita takaba sai maganar da kowa ke kauce wa ta taso. Mahaifina ya aiko daga Funtuwa cewa in dawo gida, in ma ina so in koma kwaleji zai tsaya mini. Yaya Babba kuma ya kira ni zaure, ya yi magana a natse, ba faɗa. Ya ce, “Ke yarinya ce, ba mai tsare ki. In kin zauna, gidanki ne. In za ki tafi, Allah ya kiyaye hanya. Amma yaran nan su ne abin da ƙanena ya bari. A gidan ubansu za su tashi.”

Ban ga laifinsa ba, har yau ma ban gani ba. Shi ya goyi mijina. Amma na rasa inda zan sa kaina. In zauna, in zama bazawara mai shekara ashirin da 'yan kai a gidan surukai, ba karatu ba sana'a? In tafi, in bar yara? Ko in tafi da su, in raba tsohuwa da jikokin autanta, ita da ko kabarinsa ba ta gani ba? Na daina cin abinci sosai. Wata ƙawata ta bariki ta ce akwai wani malami da ake kai wa suna, ya kwana a kai, da safe ya gaya maka abin da ya gani. Ta ce aikinsa kamar yankan wuƙa. Na ji kamar an sauke mini kaya. Wani zai gaya mini abin da zan yi, ni dai in bi.

Na sami Inna tana tankaɗen gari a gindin darbejiya, na gaya mata. Ba ta ɗago ba.

“Shi ne zai zauna a Jahun, ko shi zai tafi Funtuwa?”

Na ce, “Inna, ai ya fi ni sani.”

“Ya fi ki sanin me? Damuwarki? Ke ba ki da goshin da za ki sa a ƙasa ne? Wanda za ki roƙa yana jin Hausar Funtuwa.”

Abin da ya fito daga bakina a lokacin, baƙin ciki ne ya fito da shi. Mijina ya taɓa gaya mini cewa lokacin da ya ce zai shiga soja, Inna ta ƙi ba shi amsa sai da ta yi istihara, sannan ta sa masa albarka. Sai na ce mata, “Ke ai kin yi taki, Inna. Kin yi kafin ki bar shi ya tafi. Ga shi nan an binne shi a daji. Ina alherin yake?”

Rariyar ta tsaya a hannunta. Matar Yaya Babba da ke bakin murhu ta ce, “Subhanallahi!” Inna ta ajiye rariyar, ta karkaɗe zaninta, ta shige ɗaki ta saki labule. Ranar ba ta ƙara yi mini magana ba. Na zauna a ɗaki ina jiran a ce in haɗa kayana.

Washegari da safe ta shigo da kofin kunu kamar kullum. Idanunta sun kumbura. Ta zauna a bakin katifa, ta jira na sha, sannan ta ce:

“Tambayar da kika yi mini, na riga ki yi wa kaina. Tun ranar da aka zo da labarin nake yi. Ki saurara, 'yar Funtuwa. Ni ban roƙi Allah kada ɗana ya mutu ba, don ban san wanda aka yi wa wannan alkawarin ba. Ubansa a kan gadonsa ya mutu, bai taɓa riƙe bindiga ba. Abin da na roƙa, in aikin nan alheri ne gare shi a addininsa da rayuwarsa da ƙarshen al'amarinsa, a sauƙaƙe masa. Aka sauƙaƙe. Ya yi aikinsa bai ci amanar kowa ba, bai bar salla ba. Aikin nan ne ya kai shi Zariya ya gan ki. Ga yara biyu suna wasa a tsakar gidana. Ƙarshen al'amarinsa kuwa, ke kin gani? Ni ban gani ba. Yana wurin Wanda na roƙa, kuma ina kyautata masa zato.”

Ta goge fuska da gefen ɗankwali.

“Zafi kam akwai. Kada ki ce na ce babu.”

Na faɗa jikinta. Ranar ce kaɗai muka yi kuka tare, har yaran suka leƙo suka tsaya suna kallonmu.

Daga nan ta fara koya mini. Amma ba da salla ta fara ba. Ta ce, “An yi shawara tukuna? Allah ya ba mutane hankali don a tambaye su.” Ta tura ni wurin malamarsu ta Islamiyya, wadda ta yi mini bayanin haƙƙin uwa a kan renon ƙananan yara da haƙƙin dangin uba. Ta tura ni wurin Mama Nas, wadda ita ma da ƙuruciya mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Mama Nas ba ta ɓoye mini komai ba, ta ce rainon marayu ba tare da abin yi a hannu ba wuya ne, da abin yi ma wuya ne, amma wuyar ba iri ɗaya ba ce. Ta sa na kira mahaifina na tambaye shi dalla-dalla wa zai riƙe yaran in ina aji.

Sannan ta zaunar da ni tana biya mini addu'ar ina maimaitawa, kowace gaɓa ta tsaya ta faɗa mini da Hausa. Kina gaya masa Shi ya sani ke ba ki sani ba, Shi yake da iko ke ba ki da shi. Ki ambaci abin da sunansa, kada ki yi kwana-kwana. In alheri ne, ya ƙaddara miki, ya sauƙaƙe, ya sa albarka. In sharri ne, ya kawar da shi daga gare ki, ke ma ya kawar da ke daga gare shi, don wani lokaci abu yakan tafi zuciya ta bi shi. Ya ba ki alheri duk inda yake, kuma ya sa ki yarda da shi.

Na yi. Na kwanta ina jiran mafarki. Ban ga komai ba sai shirme, wai ina tsinkar zogale a kasuwar Wunti. Na gaya wa Inna ko akwai fassara. Ta yi dariya har da tafa hannu, dariyarta ta farko tun rasuwar. “Fassararsa kina marmarin kwaɗon zogale. Wa ya ce miki sai an yi mafarki? Ni tunda nake ban taɓa ganin komai ba. Ki roƙa, ki tashi ki kama hanyar da hankalinki ya fi kwanciya da ita. In ba taki ba ce, za ki ga ƙofa tana rufewa.”

Na ci gaba da yi, kwana da kwanaki. Babu wata murya da na ji. Abin da na lura da shi kawai, duk lokacin da na ɗauki kaina ina aji ina koyar da yara, numfashina yakan daidaita. Na kira kwalejin ina tsammanin za su ce na makara, sai aka ce in zo da takarduna, akwai hanyar da zan ci gaba. Ƙanwar mahaifiyata, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ta aiko cewa ita za ta riƙe yaran da rana. Tsoro bai tafi ba. Amma na san inda na karkata.

Na same ta bayan sallar walaha tana naɗe buzu. Na durƙusa na ce, “Inna, tafiya zan yi. Kuma da yaran nake so in tafi.”

Ta daɗe tana naɗe buzun nan, kamar ba ƙaramin abu ba ne. Sai ta ce, “Alhamdu lillahi. Allah ya sa albarka.” Ta ƙwala wa matar Yaya Babba kira. “Ce wa wancan mutumin ina nemansa.”

Ya shigo ya tsuguna. Ta gaya masa. Ya ce, “Inna, ba zai yiwu ba. Me za mu ce wa mutane? An kwashe 'ya'yan ƙanena an kai wata ƙasa muna kallo?”

“Funtuwa ce wata ƙasar? Mota ba ta zuwa?”

“Inna, ke fa nake ji. Su ne kike gani ki ji sanyi.”

“Ni na ce maka ina neman sanyi a bakin marayu? Sun rasa uba, kai kuma ka ce su rasa uwa, don ni tsohuwa in sami abin kallo? Sunan gidan nan suke ɗauke da shi, ba wanda zai kankare. Duk hutu za su zo. Ko ba haka ba, 'yar Funtuwa?”

Na ce haka ne. Yaya Babba ya tashi ya fita. Ranar tafiyarmu dai shi ya kai mu tasha, ya ɗora mana kaya, ya shafa kan yaran, amma bai dube ni ba. Inna ta cusa mini ƙullin gyaɗa da daddawa, ta ce wa direba ya bi a hankali a gangaren Jos, ta juya tun motar ba ta tashi ba.

Zan so in ce daga nan komai ya tafi daidai, amma ba haka aka yi ba. A shekarar farko yaron ya kwanta ciwo har muka fid da rai. Bai daɗe da tashi ba mahaifina ya rasu, wanda shi ne ginshiƙin tafiyar tawa. Na kira Inna ina kuka, na ce ko dai ban fahimci zaɓin ba, ko son zuciyata na bi. Ta bar ni na gama. Ta ce, “Da kina Jahun, mahaifinki ba zai rasu ba? Da kina nan da wa zai yi jinyarsa? Kin samu kin riƙe kansa, kin ba shi ruwa. Ki tuna ƙarshen addu'ar nan, inda ake cewa ya sa ki yarda. Wannan wurin shi ne mai wuya, ni ma har yau ina koyonsa. Goge idonki ki tafi aji.”

Na gama karatu, na sami koyarwa a wata firamare. Alkawarin hutu kuwa ban taɓa saɓawa ba. Yaran sun tashi da gida biyu, suna Hausar Katsina a makaranta, suna dawowa daga hutu da ta Bauchi, abokansu na yi musu dariya. A hutun da na zo nuna mata takardar kammalawata ne muna ɓarar gyaɗa ta ce mini, kamar maganar banza:

“Kin san lokacin tafiyarki ni ma na yi tawa istiharar?”

Na ce, “A kan me, Inna?”

“A kan ko in roƙe ki ki zauna. Na san halinki. Da na ce miki 'yar Funtuwa kada ki tafi ki bar ni, da kin zauna, ko da za ki rube a ɗakin nan. Kullum sai in shirya maganar, in zo bakin ƙofarki, sai bakina ya yi nauyi. Na gane an kawar da ni daga gare ta.” Ta watsa gyaɗa a baki. “Amma fa na so.”

Na ci gaba da ɓara, ina kallon hannuwanta.

Shekaru suka wuce, sai wani malami da muke koyarwa tare ya nuna yana so na. Matarsa ta rasu, mutum ne mai sanyin hali. Na yi shawara, na yi istihara, hankalina ya kwanta, amma na kasa gaya wa Inna. Ta yaya zan dubi uwar mijina in ce zan auri wani? 'Yata ce ta fasa ƙwan a wani hutu. Inna ta kira ni ɗaki, ta ce, “Ashe ɓoye mini ake yi? To, ki ce masa uwarki ta Bauchi tana son ganinsa.”

Malam ya zo, gumi har ya jiƙa masa riga. Ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta yi masa tambayoyi kamar alƙali. Ta tambaye shi yadda ya yi jinyar matarsa. Ta tambaye shi ko zai hana yaran zuwa Jahun. Ya ce, “Inna, ni zan riƙa kawo su.” Ta ce, “To, ga masa nan, ka ci.” Da bikin ya zo, ta hau mota da tsufanta har Funtuwa, da tandarta ta ƙasa a naɗe cikin tsumma, ta kwana biyu tana soya wa baƙi masar Bauchi. Da mata suka tambaya ko ita wace ce, ta ce uwar amarya.

Malam ya cika alkawari. Duk hutu shi yake tuƙo mu, ya gyara mata famfo, ya kai ta Zungur ya dawo da ita. Tana kiransa ɗan Funtuwa. Yaya Babba ne dai bai saki jiki da shi ba. Za su gaisa, ya amsa a taƙaice, ya sami uzuri ya fita. Malam bai taɓa yin ƙorafi ba. Yakan ce mini, “Ki bar shi. Ni nake zaune a inda ƙanensa ya kamata ya zauna.”

Da ɗana ya sami gurbin jami'a, Bauchi ya zaɓa da kansa, ya tare a gidan Jahun, ɗakin da na yi takaba. Shekarun Inna na ƙarshe da shi ta yi su. Yakan kira ni ya ce ta hana shi dama mata kunu, wai hannunsa na 'yan boko ne.

Da jikinta ya tsananta muka taho ni da Malam. Ta rame, amma hankalinta garau. Likita ya kawo maganar wani aikin tiyata da za a iya yi mata, ya faɗi gaskiya cewa a shekarunta yana iya taimakawa, yana iya kuma wahalar da ita. 'Ya'ya da jikoki suka rabu biyu, har murya ta fara tashi a tsakar gida. Ta sa aka kira Mama Nas ta yi mata bayani da Hausa a hankali. Sannan ta ce a kawo mata ƙasar taimama, a jingina ta da filo. Ta yi raka'o'inta a zaune, ina riƙe da kafaɗarta. Kwana biyu bayan haka ta ce ba za a yi aikin ba, a bar ta a ɗakinta. Ba wanda ya ƙara musu. Ta yi sauran kwanakinta cikin mutanenta, tana karɓar baƙi, tana yi wa kowa addu'a da sunansa, har da wancan mutumin, wanda a ranar ƙarshe na ji ta kama sunansa a hankali, shi kuma ya kifa kai a gefen gadon.

Bayan azahar aka yi mata salla, maza suka ɗauke ta. Mu mata muka zauna muna jiran dawowarsu. Can wajen la'asar na hango Malam a zaure, na fita kai masa ruwa. Gwiwoyin wandonsa duk jar ƙasa, hannuwansa ma haka. Ya karɓi kofin bai sha ba.

Ya ce, “Da aka zo sa ta, na koma baya na tsaya cikin jama'a, na bar wa masu ita. Yaya Babba ya durƙusa a bakin kabarin, shi da ɗanki. Sai ya ɗago yana waige-waige. Na zaci wani yake nema. Ya ce, Malam, me kake yi a can? Matso ka kama mana. Uwarka ce.”

Sai a lokacin ya kai kofin baki ya sha.

Allah ya jiƙan Inna, ya yalwata mata makwancinta, ya sada ta da autanta a inda babu sauran rabuwa. Mu da ta bari, Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, ya kuma ba mu zuciyar yarda da shi.